Injiniya da Daɓen Falonsa

Sunan Injiniya da ake kiransa da shi, ba a makaranta ya samo shi ba. Aji huɗu ya yi ya ga abin ba nasa ba ne, ya bi wani mai shimfiɗa tayil yana ɗaukar masa bokitin siminti. Wani ɗan kwangila ne ya laƙaba masa sunan bayan shekaru, ranar da ya same shi ya tayar da tayil ɗin ɗaki guda saboda kusurwa ɗaya ta ɗaga da abin da bai fi kaurin farce ba. Da ba'a mutumin ya faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi inda ya yi karatun injiniyanci sai ya ja wando ya nuna gwiwoyinsa, waɗanda suka yi kanta baƙi ƙirin, ya ce ga takardun shaidar nan guda biyu.

Shekara talatin da bakwai ya yi a durƙushe a gidajen mutane. Abin da ya fi ji da shi a sana'ar shi ne gaɓa, wato ɗan tsakanin nan da ke raba tayil da ɗan'uwansa. Sauran masu aikin sukan bar ta da faɗi su cike da siminti mai duhu, su ce ado ne. Injiniya ya ce lalaci ne. Shi matse ta yake yi har sai reza ta shiga da ƙyar, sannan ya zauna ya yi ta haɗa launin simintin cikewa har ya saje da tayil ɗin, yadda in ka shigo ɗakin za ka rantse shimfiɗa ɗaya ce aka zuba. Halin ya bi shi har gidan gaisuwa. Ana yi wa mamaci addu'a, shi idonsa na ƙasa, mutane suna cewa bawan Allah nan akwai tawali'u, alhali gaɓar tayil yake bi da ido yana jin haushin wanda ya yi aikin. Matarsa takan ce ta auri mutumin da bai san launin silin ɗin gidan kowa ba.

Da ya tashi yin nasa falon, mako uku ya ɗauka. Manyan tayil ne masu launin madara, sumul, ba zane ba ɗigo. Duk baƙon da ya zo sai ya sa shi ya nemo gaɓa, ya harɗe hannu yana kallo har baƙon ya gaji. Surukinsa ma bai tsira ba ranar da ya fara zuwa gidan.

To, a kan wannan daɓen ne ƙafafunsa suka fara yi masa tawaye.

Amma hannun hagu ne ya riga su. In yana zaune sai yatsunsa su kama motsi su kaɗai, in ya ɗauki abu su bari. Rubutunsa ya ƙanƙance. Fuskarsa ta daina nuna abin da ke ransa, har jikokinsa suka riƙa tambayar ko sun yi wa Kaka laifi. A asibiti aka ce cutar Fakinsin ce, aka ba shi ƙwayoyi yana sha sau uku a rana, karkarwar ta yi sauƙi. Amma a shekara ta biyu wani abu ya zo wanda ƙwaya ba ta kora shi duka ba. Sai ya fito daga ɗaki zai tsallaka falo, ya yi taku biyu ko uku, ƙafafun su liƙe a ƙasa. Ba ciwo, ba jiri, hankalinsa garau, yana ganin inda yake son zuwa, yana ce wa ƙafa tafi mana, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da shi. Wani lokaci minti guda, wani lokaci har shayin da aka ajiye masa ya huce.

Ya mai da abin raha, don bai ga yadda zai yi ba. Ya ce shekara talatin da bakwai yana rarrafe bai nemi shawararsu ba, dole su yi fushi. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. In matarsa ta same shi a ƙame a tsakiyar falo ta ce, "Malam, lafiya?" sai ya ce aikinsa yake dubawa. Ita kuwa sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa ta ja shi. Sau goma a rana, sau ashirin, zuwa bayi, zuwa ɗaki, zuwa kujera. Mace ce 'yar firit, shi kuma Allah ya yi shi da ƙashi. Da sannu bayanta ya fara ciwo, ta riƙa dafa bango kafin ta miƙe, tana tsammanin bai gani ba. Ya gani, kuma abin ya fi cutar cin ransa.

Babbar 'yarsu malamar makaranta ce, kuma a gida ma da muryar aji take magana. Ranar wata Asabar ta zo da keken marasa lafiya a naɗe, ta jingine shi bayan ƙofa, ta zauna ta fuskanci uban.

"Baba, Mama ba za ta iya ba kuma. Ƙarshen wata zan zo da mota ka koma wajenmu. Akwai ɗaki a ƙasa, za mu samo mai kula da kai, a keken nan za a riƙa tura ka."

"Uwarki fa?"

"Ta huta a nan tukuna, ta riƙa zuwa. In ta bi ka, ba za ta bar kowa ya taɓa ka ba, ka san halinta."

Ya kalli keken ya ce yau dai Allah ya yi, ya mallaki mota. Babu wanda ya yi dariya. Shi ma a ransa ba dariyar yake yi ba. Ya san mutumin da ya zauna a keken nan da wuya ya sake miƙewa, kuma ya san tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa kwana bakwai a jere ba tare da jin mitar matar nan ba. Tsoro ya ji, tsoro sosai, amma fuskar ba ta nuna ba, 'yar ta ɗauka ya amince.

Saura kwana ashirin wata ya ƙare suka je ganin likita. An mai da sashen masu irin cutarsa zuwa wani tsohon gini, kuma an canza musu likita, aka ba su wata mata mai gilashi. Daga bakin ƙofar ginin zuwa ofishinta doguwar baranda ce, an shimfiɗe ta da ƙananan tayil baƙi da fari, gaɓa kamar a sa yatsa. Injiniya na ganin daɓen ransa ya ɓaci. Ya saki hannun matarsa ya kama tafiya yana tsallake baƙaƙen yana taka fararen, yana gunaguni, nan ya karkace, nan bai cika ba, nan ko ma'aunin lebul ba a ɗora ba. Sai da ya kai ƙarshen barandar ya waiwaya ya ga ta tsaya can baya riƙe da jaka, baki buɗe. Likitar kuma tana tsaye a ƙofar ofishinta, ta ga komai.

Da suka shiga matar ce ta fara magana, kuma da zafi.

"Likita, ki gaya mini gaskiya. A gida mutumin nan taku uku ba ya yi sai na ja shi. Yanzu ya bar ni a baya kamar wanda za a raba wa gado. Matakala ma in muka samu haurawa yake yi tsaf. Ko dai ni yake wa?"

"Ba ke yake wa ba, Mama. Baba, daɓen gidanku wane iri ne?"

Da ta san abin da ta tono, da ba ta tambaya ba. Ya gyara zama ya yi mata bayanin daɓen tun daga yashi. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Wato babu layi ko ɗaya da ido zai kama."

"Ko da fitila kika zo."

"To, Baba, da kana babban aiki, kai ne kake bin kowane lebura kana ce masa ɗauki, ajiye?"

"A'a, akwai shugaban leburori. Ni ina can ina abin da ya fi."

"Ƙwaƙwalwa ma haka take. Can cikin tsakiyarta akwai wasu 'yan curi, dama da hagu, su ne shugaban leburorin. Duk motsin da jiki ya riga ya haddace, tafiya, lilo da hannu, rubutu, su ne ke ba shi izini, su ce wannan ya tashi, wancan ya dakata, su kuma yanke girman takun. Shi ya sa da kake tafiya kana hira ba ka san kana tafiyar ba. Da wani sinadari suke aiki, naka ya yi ƙaranci. Ƙwayar da kake sha tana cike gurbinsa, amma ba kullum take isa ba. Ƙafarka lafiyarta ƙalau, izini take jira."

"Barandarku fa, ita ke ba da izinin?"

"Idonka ne. In ya ga layi a gabanka, abin ya tashi daga tafiyar da aka haddace ya koma aiki da niyya, ka tsallaka wannan, ka tsallaka wancan. Umarnin sai ya bi wata hanya ya isa ƙafa. Ba kowa abin ke yi wa aiki ba, amma kai na ga ya yi maka."

Injiniya ya ce, "Wato shugaban leburori ya yi barci, sai mai aikin ya sauko da kansa."

"Haka ne. Ku samu salatif mai faɗi ku liƙa layuka a ƙasa, tazarar taku ɗaya, duk inda yake bi."

Da za su fita ya kasa haƙuri, ya ce wanda ya yi musu daɓen barandar nan ya kamata a karɓe masa guduma. Likitar ta ce daɓen ne dai ya kawo shi ofishinta da ƙafarsa. Suka fito suka hau mota.

Hali zanen dutse. Washegari ya sa matarsa ta raka shi shagon kayan gini, ya sa aka zube masa duk salatif ɗin da suke da shi, ya fito da ɓallin tayil ɗin falonsa daga aljihu ya yi ta gwadawa har ya samu wanda launinsa ya saje. Ya dawo ya durƙusa, ya ja zare, ya auna, ya liƙa layi goma sha huɗu daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar waje, da wasu shida zuwa bayi. Aiki ya yi kyau. Ya miƙe ya koma bakin ɗaki ya ce wa matarsa ta matsa ta ga ikon Allah. Ya yi taku biyu ya ƙame. Ya yunƙura da ƙarfi, jiki ya tafi ƙafa ba ta bi ba, ya zube a gefen kujera ya fasa gira.

Da yamma 'yar ta iso hankali tashe. Ya tare ta da cewa dabarar likita ba ta yi ba, ya gwada. Ta duba ƙasa, ta duba shi.

"Baba, ina layukan?"

"Kina tsaye a kan na bakwai."

Ta sunkuya ta shafa da hannu kafin ta ji shi. Ta ɗago ta kalli uwarta, uwar ta kalli bango. 'Yar ta zauna a hannun kujera ta yi dariya har da hawaye, sai kuma hawayen suka ci gaba bayan dariyar ta ƙare. Ta ce, "Baba, ka fi son daɓen nan da ƙafarka. Ka fi son shi da bayan Mama." Ta ɗauki jakarta ta ce maganar ƙarshen wata tana nan.

Maganar ta zauna masa. Kwana biyu bai yi raha ba, gidan ya yi tsit har matarsa ta fara tambayarsa ko jikin ne. A rana ta uku ya ce ta sayo baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Ya liƙa, ya gwada yana dafe da ita, ƙafa ta ɗaga ta tsallaka, ta sake tsallakawa. Murnarsu ba ta yi nisa ba. Da ta goge falon sau biyu bakin salatif ɗin ya fara ɗagowa, ɗaya ya maƙale masa a yatsa saura ƙiris ya sake faɗuwa. Ta ce a shafa fenti. Ya ce fenti ba ya kama tayil mai sheƙi, mako guda zai ɓare. Ya san abin da ya rage, tun ranar asibiti ma ya sani, wanzami ne dai ba ya son jarfa.

"Ki ɗauko mini giranda, injin yankan tayil ɗin nan, a ƙarƙashin gado."

"Da hannun nan naka? Malam, so kake ka yanke yatsa a ƙara mini wani jinyar?"

"Hannun in yana aiki ba ya rawa, zama ne ba ya so. Ke za ki riƙe wayar wutar, in kin ga na yi abin da bai dace ba ki zare."

"Da tun aure aka ba ni wayar nan, da na huta."

Safiya huɗu suka yi suna aikin. Sai ya sha ƙwaya ya jira ta kama, sannan ya durƙusa, don ya lura daga lokacin yana da kamar awa biyu kafin jiki ya sake yin nauyi. A durƙushe ba shi da matsala da kowa. Ya ja zare, ya ɗora katako madaidaici, ya kunna giranda. Da zai sa ta a kan tayil na farko ya daɗe yana kallon wurin, injin na ihu a hannunsa. Ya tuna ranar da ya shimfiɗa shi, ya ce wa daɓen ya yi haƙuri, a fili, matarsa tana ji. Ba ta yi masa dariya ba. Sai ya danna.

Kowane layi yanka biyu yake yi, ya ɓalle tsakiyar da kurfi, faɗin yatsa biyu. Ƙura ta cika gidan, ta hau labule, ta shiga tukwane, su biyun suka yi fari fat. Maƙwabci ya leƙo ya tambayi wane mugun ne ya ɓata wa Injiniya falo, Injiniya ya ce wani ɗan koyo ne, bai daɗe da fara hankali ba. A safiya ta huɗu ya kwaɓa baƙin siminti, irin wanda ya yi shekaru yana zagin masu amfani da shi, ya cike ramukan ya shafe. Ya ja da baya a gwiwa ya duba. Falon ya yi muni, babu wata kwana-kwana, amma layukan sun miƙe sak, wannan kam ko maƙiyi ya shaida.

Siminti na son kwana ɗaya cur ba a taka shi ba. Ya wuni a kujera, matar tana zagayawa da shi ta gefen bango in ya matsu. Washegari ita ce ranar ƙarshen wata, 'yar ta ce da la'asar za ta zo da motar.

Da safe matar ta ba shi ƙwaya, ta ce za ta kasuwa ta dawo, kada ya kuskura ya gwada sai tana nan. Ta ja ƙofa ta rufe. Ya zauna yana kallon layukan, yana lissafin abin da zai faru in suka ƙi shi. Ya ɓata falo, ya wahalar da baiwar Allah kwana huɗu, sannan a naɗe shi a mota. Ya ce wa kansa to ai ko ba komai ya bar wa wanda zai gaji gidan abin zagi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ji an bugi ƙasan ƙofa da ƙafa, sau biyu. Haka take yi a da in ta dawo hannu cike da kaya, kafin ta koma fita da makulli. Yau ma makullin na jakarta, ƙafar ce kawai ta yi abin da ta saba, yana jin ta tana ƙoƙarin sauke leda ta laluba.

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ƙafafun suka liƙe kamar kullum. Ya sauke ido kan baƙin layin da ke gabansa, bai ce wa ƙafa tafi ba, ya ce tsallaka wannan. Ta ɗaga ta tsallaka. Ya nemi na gaba. Bai kalli ƙofa ba ko sau ɗaya, layi kawai yake bi, yana jin numfashinsa, har hannunsa ya taɓa ƙarfen da ke buɗe ƙofar ta ciki ya murɗa.

Ta turo ƙofar da kafaɗa, leda uku a hannu ɗaya, biyu a ɗayan, gumi na zuba.

"Matsa mini, Malam, ka tsaya a hanya. Mutum ya yi ta bugu kamar ba kowa a gidan."

Ta wuce shi tana mitar mai tumatir da ya cika mata ruɓaɓɓu a ƙasan leda. Ta kai tsakiyar falo, mitar ta yanke. Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Wa ya buɗe mini ƙofa?"

"Wani tsoho ne na gani yana wucewa."

Ta sauke ledojin a ƙasa a hankali, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Kafaɗunta suna rawa. Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce, "In kin gama ki zo ki juya ni. Ban yanka layin yin kwana ba."

Ta yi dariya cikin mayafin, ta share fuska, amma ba ta zo nan take ba. Ta zaro waya daga jaka ta kira 'yar, ta ce mata kada ta wahalar da kanta da mota, in za ta zo ta zo cin abinci. Yana jin muryar 'yar daga inda yake, tana tambaya, tana sake tambaya, sannan ta ce a ba ta Baba su yi magana.

Matar ta kalle shi can bakin ƙofa, yana riƙe da marfin, iska na kaɗa masa riga.

"Ba ya kusa," in ji ta. "Ya tashi ya je ƙofa."